Haƙorin Makkan Gwaggo

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ɗan shekara tara, bayan rasuwarsa. Gidanmu yana cikin birni, a wani lungu da ke ɓullewa hanyar Ƙofar Wambai, tsohon gida mai zaure uku da katanga mai kauri. Kakan kakanmu Balaraben Turabus ne, ɗan kasuwa, ya zo da raƙuma ya zauna. Ba mu gaji raƙumi ko ɗaya ba, ba mu gaji Larabci ba in ban da na salla, hasken fatar ma a kan Gwaggo ya ƙare. Amma labarin mun gaje shi cif, kuma a wurinta yake ajiye. In baƙo ya shigo gidan, kafin ya gama shan ruwa ya san daga inda muka fito.

Abu na biyu da baƙo zai sani shi ne ta je Makka, wannan kuwa ba sai ta faɗa ba. Haƙorin zinare ne a sama ta gefen dama, wanda aka sa mata shekarar da ta sauke farali. Tun da ta dawo dariyarta ta koma gefe guda. Leɓen dama ne ke ɗagawa, na hagu yana zaune abinsa. Ko a gidan rasuwa ta iya furta ta'aziyya ta yadda haƙorin zai leƙo ya gaisa da jama'a.

Duk wanda Gwaggo ta gani, mai kawo ruwa ne ko mai gyaran wuta, tambayarta ɗaya ce: ɗan gidan wa ne? Amsar da ta samu ita ke nuna mata kofin da za a ba shi ruwa a ciki.

A bayan layinmu gidan wanzamin unguwa yake. Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya, kuma a zaurensa nake aski duk bayan mako biyu har na girma. Yana ƙaho, yana cire beli, yana kuma da wani tsohon awartaki a zabirarsa na cire haƙori. Mutum ne mai sanyin hannu da yawan raha. 'Yarsa ta uku tana jami'a a lokacin, tana karatun likitan haƙori, ni kuma ina koyarwa a firamare. Mun fi shekara muna zance a ƙofar gidansu bayan la'asar. Babanta ya sani, bai taɓa ce mini komai ba, sai dai in yana mini aski ya fi daɗewa a kaina fiye da na kowa.

Ranar da na kai wa Gwaggo maganar tana tsakar gida tana murza alkaki. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma ɗago kai ba.

"To, madalla," in ji ta. "Ranar suna fa, wa zai yi wa jaririn aski? Kakansa? Tukuici za mu ba shi, ko tabarmar surukai za mu shimfiɗa masa?"

Iyakar abin da ta ce ke nan. Na tsaya ina kallon alkakin, sannan na fita. Ban sake zuwa ƙofar gidan wanzami ba. Ban aika ba, ban rubuta ba, ban yi bayani ba. Na sauya hanyar zuwa makaranta, na riƙa zagayawa ta bakin titi duk da ta fi nisa, na koma aski a shagon masu inji. Bayan shekara biyu na auri wadda Gwaggo ta binciki gidansu har kaka na huɗu ta gamsu. Muka tare a Dukawuya, Allah ya ba mu 'ya'ya uku. Ba ni da abin cewa a kan matata sai alheri.

An yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin haƙorin Gwaggo ya fara ciwo. Ta ɓoye na tsawon makonni. Abin da muka fara lura da shi shi ne ta daina cin goro, sai kuma ta daina shan ruwan randa, ta ce wai sanyi ba ya yi wa tsofaffi kyau. Da abin ya ci tura ta shiga magani da kanta. Ta tauna kanumfari har ɗakinta ya koma wari kamar rumfar masu kayan yaji. Ta ɗiga turare a auduga ta danna. Ta kuskure baki da ruwan gishiri, da jiƙon bagaruwa, da ragowar zamzam da take ta tattali a wata 'yar jarka a ƙarƙashin gado. Aka kawo mata wata mata mai cire tsutsar haƙori, ta turara mata hayaƙin wasu 'ya'yan itace a baki, ta tara kwano da ruwa, wasu fararen abubuwa suka zubo a ciki. Gwaggo ta nuna wa duk matan gidan kwanon, ta ce ga mugayen nan an kama su. Washegari kumatunta ya kumbura har idon dama ya fara rufewa.

Na ɗauke ta zuwa asibitin gwamnati. Muka yi layi tun safe har azahar. Likitan da muka samu saurayi ne, ga alama ya gaji da mu tun kafin mu shigo. Ya leƙa, ya ƙwanƙwasa haƙorin da ƙarfe, Gwaggo ta zabura. Ya rubuta magani ya ce in kumburin ya sauka mu dawo a cire.

"A cire me?" in ji Gwaggo.

"Haƙorin, Hajiya."

"Haƙorin da ya yi ɗawafi?"

Na san, kuma ta san na sani, cewa a Jidda aka sa mata shi, a wani shago kusa da kasuwa, bayan an gama aikin Hajji suna jiran jirgin dawowa. Amma ban ga amfanin tayar da wannan a gaban baƙo ba. Likitan ya ce akwai wani aiki da ake yi, a kashe jijiyar haƙorin a bar shi a wurinsa, sai dai injinsu na ɗaukar hoto ya lalace, sai mu nemi asibitin kuɗi.

A nan ne shaiɗan ya raɗa mini abin da na yi. Na san inda 'yar wanzami take aiki. Ban taɓa tambayar kowa ba, amma na sani, kamar yadda na san ta yi aure, ta je ƙarin karatu waje ta dawo, ta buɗe wurinta a bayan gari, kuma babanta ya rasu shekara uku da suka wuce, jana'izar da ban je ba saboda wai ina da taro a makaranta. Na gaya wa kaina cewa ita ce aka ce ta fi iya irin wannan aikin, kuma gaskiya ne. Amma abin da nake so in gani daban ne. Ina so in ga Gwaggo a kwance, baki buɗe, 'yar wanzami a tsaye a kanta da ƙarfe a hannu.

Ranar da za mu je na sa farar shaddata ta zuwa ɗaurin aure, na karya hula, na fesa turare sau biyu. Matata tana shara, ta tsaya ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wai kai za a duba, ko Gwaggo?"

Na ce mata asibitin manya ne, ba a zuwa a wulaƙance. Ta ce Allah ya ba da lafiya, ta ci gaba da shararta.

Wurin fes yake, ga sanyin na'ura, ga ƙamshin magani. Da aka kira mu muka shiga, likitar tana sanye da farar riga da takunkumi, idanunta kaɗai ake gani. Na gane su nan take. Ta gaida Gwaggo da ladabi, ta juyo ta ce, "Malam, sannu da zuwa," da irin muryar da ake yi wa mai kawo takardar kuɗin wuta. Ta ɗauki hoton haƙorin, ta haska shi a allo, ta nuna wa Gwaggo wani baƙin tabo a ƙarshen saiwar.

"Hajiya, haƙori ba dutse ba ne. A cikinsa akwai rami siriri kamar na kara, nan jijiya da jini suke. Lokacin da za a sa miki zinaren an goge haƙorin an rage shi. Da tafiya ta yi nisa abinci ya riƙa shiga ta ƙarƙashin bakin zinaren, ya ci haƙorin har ya kai ga jijiyar. Ta mutu, ta ruɓe, mugunya ta taru a nan. Zan buɗe in kwashe abin da ya ruɓe, in wanke ramin, in sa magani. In ya warke sai in toshe shi. Haƙorin zai zauna, sai dai ba zai ƙara jin zafi ko sanyi ba. Zuwa uku za ki yi."

"Wato gawa zan riƙa yawo da ita a baki."

"Yanzu ne gawar take ciki, Hajiya. Ita za mu fitar."

Gwaggo ta ɗan jinjina kai. Ta saba ta faɗi magana a rasa amsa, amma wannan ta burge ta. Rigimar ta taso ne da aka ce dole a ɓalle zinaren, don ɓarnar a ƙarƙashinsa take. Ta nemi a huda ta baya, ta nemi a bi ta dasashi, ta nemi a yi aikin ta haƙorin da ke kusa. Likita ta saurare ta har ta gama, ta ce a'a sau uku, ba tare da ta sauya murya ba. A ƙarshe Gwaggo ta cire takalmi ta hau kujerar, ta miƙo mini jakarta da mayafinta.

Aka yi mata allura a dasashi. Ana jiran wurin ya mutu, leɓenta ya fara nauyi, sai halin ya motsa.

"Yarinya, kina da hankali. 'Yar gidan wa ce ke?"

Na gyara tsayuwa. Wannan lokacin na sa shadda dominsa.

Likita ta sauke takunkuminta zuwa haɓa. "Ai kin san ni, Hajiya. Gidan wanzami na bayan layinku. Babana ne ya yi wa duk yaran gidanku aski." Ta mayar da takunkumin, ta danna kujerar ta kwanta. "Buɗe baki sosai."

Gwaggo ta buɗe. Ba ta da zaɓi, fitila na kanta, mataimakiyar likita ta riga ta zura mata bututun tsotse yawu. Kanta ba ya juyawa, amma idonta ya zagayo har ya same ni a jikin bango. Na san wannan kallon tun ina yaro, shi ake yi mini kafin a aika a ɗebo tsumagiya. Na mayar da hankalina kan wani hoton haƙora da ke rataye, na karanta shi tun daga sama har ƙasa.

Aka ɓalle zinaren, ya faɗa faranti da 'yar ƙara. Ashe ɗan kwanso ne, bai fi ɓawon gyaɗa ba. Abin da ke ƙarƙashinsa wani ɗan guntun haƙori ne baƙi, an fere shi kamar fensir. Likita ta shimfiɗa wata koriyar roba a bakin Gwaggo, guntun kaɗai ya leƙo ta tsakiya, ta kunna injin huda. Da ta kai ga ramin wani wari ya tashi wanda ya rinjayi turarena gaba ɗaya. Ta ɗauko wasu ƙananan ƙarafa masu kama da allura, tana zurawa tana murzawa tana fitarwa, tana wankewa, ta sake zurawa.

Na yi ta jiran abin da na zo gani. Na zaci za ta ɗan danna fiye da kima, ko ta saki wata magana mai harshen damo, ko aƙalla ta kalle ni mu haɗa ido. Babu ko ɗaya. Abin da take faɗa kawai shi ne, "Sannu Hajiya, saura kaɗan," da "In kin ji zafi ki ɗaga hannu." Sau ɗaya ta yi mini magana, ta ce in matsa ina tare mata haske. Na matsa, riƙe da jakar mata da mayafi da takalmi ƙafa biyu, cikin farar shadda.

A adaidaita sahu muka dawo. Gwaggo ta rufe bakinta da mayafi, zinaren yana ƙulle a gefen zaninta. Muka shigo ta Ƙofar Ruwa. Nan ta yi magana, da leɓe ɗaya, don ɗayan bai farfaɗo ba.

"Da gangan ka yi."

"Ita aka ce ta iya, Gwaggo."

"Ubanka ma haka yake. In zai yi ƙarya sai ya kalli takalminsa."

Na ɗago kai daga takalmina, na kalli titi.

Kusan wata guda ta yi babu zinare, kuma in ban da zuwa wurin likita ba ta taka ƙofar gida ba. Aka yi bikin jikar ƙawarta, ta aika da gudummawa ta ce mura ce. Aka yi suna a gidan da ke jikin namu, ta ce ƙafa ce. Duk wanda ya shigo duba ta sai ya tarar da ita mayafi a baki kamar amarya. Yaran gidan sun ji daɗin wannan lokacin, don faɗa ta cikin mayafi ba ya kaiwa nesa. Amma ciwon ya tafi tun daren farko, kumburin ya sace, ta koma shan ruwan randa. Na ji ta tana gaya wa wata maƙwabciya cewa ko cizon sauro ya fi allurar zafi.

Ranar zuwa na biyu na zaci sai na yi da gaske kafin ta yarda. Na tarar da ita ta shirya tun hantsi, ga wata samira a ɗaure da ƙyalle. Alkaki ne, irin wanda take yi sai za a kai gidan manya. Ni kuwa na sa tsohuwar rigata ta zuwa aiki.

Ta shiga ofishin kamar gidan ƙanwarta. Ta yi wa likita ta'aziyyar babanta, shekara uku bayan rasuwar, da hawaye na gaske a idonta. Ta ce mutumin kirki ne, unguwa ta yi rashi, yanzu ba a samun irinsu. Likita ta amsa, ta karɓi alkakin ta yi godiya, ta ce amma Hajiya ta rage cin irinsa da kanta. Aka sake kwantar da kujera, aka buɗe cikon wucin gadi, aka sake wanke ramin da ƙananan allurorin nan, aka auna zurfinsa da wata na'ura mai ƙara kamar tsuntsu. Da aka gama Gwaggo ta kuskure baki ta tofar, ta kama hannun likita ta jujjuya shi tana dubawa.

"Hannun babanki ne sak. Ni dama na sha faɗa, irin wannan aiki ba a koyonsa a makaranta. A jini yake. Ki ga wancan yaron na asibitin gwamnati, wa ya san ɗan gidan wa ne? Yana taɓa ni na san ba gado ya yi ba."

Likita ta ce, "Allah ya jiƙansa," ta cire safar hannunta ta jefa a kwandon shara.

Zuwa na uku aka toshe ramin da wasu siraran tsinkaye na roba, aka gina guntun haƙorin da ciko, aka sake ɗaukar hoto. Likita ta ce tsohon zinaren ba zai koma ba, ya buɗe, sai an ƙera sabon rufi daidai da haƙorin. Ta kawo shawarar a yi fari irin launin sauran, ta ce ba wanda zai gane an taɓa wurin. Gwaggo ta dube ta kamar ta ce a rushe zauren gidanmu.

"In ba wanda zai gane, wahalar me na sha?"

Aka tsaya a kan zinare. Aka cusa mata wani abu mai kama da ƙullun fulawa a baki don ɗaukar awo, sannan mataimakiyar ta raka ta bayi ta wanke fuska. Muka rage ni da likita a ɗakin. Tana rubutu a kati. Na yi shekara goma sha biyar ina tsara abin da zan faɗa in irin wannan lokacin ya zo, kuma a duk tsarin da na yi tana kuka a ƙarshe.

"Likita," na ce, "game da abin da ya wuce. Ban kyauta ba."

Ba ta daina rubutun ba. "Wanne?"

"Yadda na ɗauke ƙafa."

Ta ajiye biro, ta dube ni, ba fushi ba murmushi. "Na jira ka mako uku, Malam. Daga nan jarrabawa ta zo, ba ni da lokaci. Baba ne abin ya dama. Bai taɓa yi mini maganar zancenmu ba, shi dai askin ne ya tsaya masa. Har ya kwanta ciwo yana tambaya ko ya taɓa yanke ka ne, ko askarsa ce ta daina yi maka. Ya ce shi ya fara taɓa kan nan da aska, bai san laifin da ya yi ba."

A duk tsare-tsarena ban taɓa sa tsohon a lissafi ba.

Ta ɗauki ɗan madubinta mai mariƙi. "Tun zuwanku na farko na ga kana dafa muƙamuƙin hagu. Buɗe in gani." Na buɗe a tsaye, kamar ɗan firamare ranar duba tsabta. Ta leƙa, ta ƙwanƙwasa turmin ƙasa, na ji har cikin kunnena. "Wannan ya kusa kai wa jijiya. In ka zo da wuri za a cece shi. Ka karɓi rana a wurin yarinyar da ke waje." Na ce to, in sha Allahu. Da muka fito na wuce teburin yarinyar ina gyara wa Gwaggo mayafi.

Bayan kwana goma aka manna sabon zinaren. Ya fi na da ƙyalli, ya kuma zauna daram. Gwaggo ta fito daga kulle. A wata guda ta halarci biki huɗu, har da na mutanen da ba su gayyace ta ba. Ko'ina labarin ɗaya ne: likitoci sun taru sun ce sai an cire, ta ce ba a isa ba, sai Allah ya haɗa ta da ɗiyarsu. "Ɗiyarmu ce, ta bayan layi. A gabanmu ta girma. Tun tana ƙarama na ce yarinyar nan za ta yi nisa." Matan unguwa suka fara zuwa wurinta da ciwon haƙori, tana duba su da kanta tukuna, ta sa su buɗe baki a tsakar gida, ta yanke hukunci ko na kashe jijiya ne ko na cirewa, sannan ta ce su je su ce ita ta turo su.

Wata Juma'a muka kai wa Gwaggo yara gaisuwa. Muna zaune a tabarma, matata tana zuba wa ƙaramin fura, sai Gwaggo ta dube ni ta girgiza kai.

"Kai dai ba ka da wayo. Yarinya kamar wannan a bayan layinku, ka tsaya kallon ruwa."

Matata ta ci gaba da dama furar, ludayin bai tsaya ba.

"Gwaggo, ke fa kika hana."

"Ni? Yaushe? Me na ce?"

"Kin ce wa zai yi wa jariri aski."

"To, tambaya na yi. Ka ba ni amsa? Da ka ce kakansa zai yi, dukanka zan yi? Ka juya ka fita sumui-sumui, na ce ashe dama ba da gaske yake ba." Ta juya wurin matata, leɓen dama ya ɗaga. "Ba don ke ba, 'yar nan, ke ma alheri ce. Halin mijinki nake gaya miki."

"Na san shi, Gwaggo," in ji matata.

Na so in yi musu. Na san da na ba ta amsa a wancan lokacin da an yi shekara ana yaƙi a gidan, da an kira dangi daga Fagge har Gwale. Ita ma ta sani. Sai dai ban ba da amsar ba, don haka babu mai iya tabbatar da komai, kuma Gwaggo ba ta taɓa faɗuwa shari'ar da babu shaida ba.

Turmin nawa ya yi wata biyar yana gargaɗi kafin ya tashi da gaske. Na bi duk hanyar da na yi wa Gwaggo dariya a kanta, kanumfari da ruwan gishiri da auduga mai turare, tsutsa kaɗai ban kira a cire mini ba. Ranar da na kasa koyarwa, na bar yara da aikin allo na hau mashin zuwa wani ƙaramin asibiti a wajen Ƙofar Ruwa, inda ba wanda ya san ni. Likitan wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai gajeren hannun riga. Ya duba ya ce haƙorin bai mutu ba, in ina so zai tura ni wurin wata ƙwararriya a bayan gari, ta kashe jijiyar a bar mini abina. Har ya fara rubuta sunanta a takarda.

Na ce masa ya cire kawai.

Ya ce in sake tunani, turmi ne, da shi nake tauna. Na ce na yi tunani. Ya ɗaga kafaɗa, ya yi allura, ya sa gwiwa a jikin kujera. Saiwa biyu gare shi, kuma kowace sai da ta yi gardama. Ya nuna mini shi a faranti ya tambaya ko zan tafi da shi, na girgiza kai.

Na isa gida da la'asar, auduga cike da baki, kumatu kamar na mai busa algaita. Matata ta dube ni, ta shiga kicin ta dama kunu mai ruwa-ruwa, ta bar shi ya huce, ta kawo mini da ƙaramin cokali. Ta zauna a gefe tana tsince shinkafa.

"An ce kada ka kuskure baki yau," in ji ta. "Kuma gobe in za ka gaida Gwaggo, ka tauna ta dama. In ta gane, kai za ka yi mata bayani, ni ba ruwana."

Na ɗaga mata kai, na ci gaba da shan kunun ta gefe guda.